Giyar tsohuwar Honda ta ƙi shiga bayan doguwar ajiya: dole sai an sauke inji?

Tambaya: Wani ɗan'uwa daga Gwammaja ya rubuto cewa ya fito da babur ɗin mahaifinsa marigayi, Honda CD175, wanda ya shekara 12 a jingine a ɗakin zaure. An wanke kafireta, an sa sabon fulogi da batir, inji ya tashi. Amma da ya matse kuloci ya taka lamba ɗaya sai babur ya yi tsalle ya mutu. Sandar giya ta yi tauri, ba ta wuce lamba biyu, firi kuwa sai an sha fama. Bakanike ya ce a sauke inji a raba shi biyu. Shin haka za a yi?

Amsa: Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa. Malam, kada ka bari a sauke injin nan tukuna. In dai babur lafiya lau aka jingine shi, zama ba ya cinye haƙoran giya. Abin da zama ya fi lalatawa shi ne mai, da farantan kuloci, da waya, da sifirin, da robobin da ke tare mai, kuma duk ana isa gare su inji yana kan babur. Sannan tun daga yau ka daina dukan sandar giyar da dunduniya. Ƙarfen da ke tura giya a ciki siriri ne, in ka lanƙwasa shi ka jawo wa kanka aikin da kake gudu.

Ka fara da gwajin da ba ya cin ko sisi. Giyar babur ba ta canzawa yadda ya kamata in komai a tsaye yake. Haƙoran duk a sarƙe suke da juna kullum. Abin da ke shiga ya fita wasu ƙahonni ne a gefen kowace giya da ke faɗawa ramukan ta kusa da ita. In ƙaho bai zo daidai da rami ba, ko ka hau kan sandar ka tsaya ba zai shiga ba. To ka kafe babur a kan ƙafarsa ta tsakiya, inji a kashe, ka sa wani yana murza tayar baya gaba da baya, kai kuma kana canza giya da hannu, ba da ƙafa ba. CD175 giya huɗu gare ta. In ka same su duka huɗun har da firi, ko da da ɗan tauri, galibi cikin injinka ƙalau yake, matsalar a waje take. Da yawa daga baburan da ake cewa giyarsu ta maƙale a nan maganarsu ke ƙarewa.

Tsallen da ya yi ya mutu kuwa, kuloci ne ya manne. Kulocin wannan babur a cikin baƙin mai yake wanka: faranti mai fata, faranti na ƙarfe, mai fata, na ƙarfe, sifirin ya matse su wuri guda. Shekara 12 suna matse, man da ke tsakaninsu ya tsane ya zama danƙo, wani lokacin ma tsatsa ta ɗinke su. Kana matse hannu, murfin kulocin yana ɗagawa, amma farantan ba sa rabuwa. Akwai hanyar tabbatarwa mai sauƙi, domin kik ɗin CD175 ta cikin kuloci yake bi kafin ya juya inji. Sa firi, kashe makulli, matse kuloci har ƙarshe, ka taka kik. In kuloci yana saki, kik ɗin zai tafi sakayau ba nauyi. In ka ji yana juya fistin kamar ba ka matse komai ba, to farantai sun manne, ko kuma matsawar hannunka ba ta isa gare su.

Wannan na biyun ka fara kawar da shi. Wayar kuloci da ta sha ƙurar hunturu goma sha biyu tana iya cijewa a cikin rigarta. Cire ta, ka rataye ta a tsaye, ka riƙa ɗiga mata mai ta sama har ya fito ta ƙasa. In ka ga ko zare ɗaya ya tsinke, sayi sabuwa. A CD175 wayar tana shiga murfin hagu ne, kusa da ƙaramin sifoket. A can akwai wani murɗaɗɗen ƙarfe da ke tura doguwar sanda ta ratsa tsakiyar shaf, wato ƙarfen da giyoyi ke jere a kansa, har zuwa kuloci a dama. Giris ɗin da ke wurin yakan daskare kamar sabulun salo, sai a wanke da kananzir a sa sabo. Ka kula sosai in za a cire murfin nan: akwai ƙwallon ƙarfe ɗan ƙarami tsakanin murɗaɗɗen ƙarfen da sandar, yana faɗowa ƙasa ba wanda ya gani, kuma in babu shi hannun kuloci zai zama hoto. Wajen saiti, ka sassauta waya ta sama da ta ƙasa, ka kwance notin da ya kulle saitin da ke jikin murfin, ka juya saitin har ka ji ya taɓa, ka dawo da shi baya kaɗan, ka kulle. Sannan ka ja waya har wasan da ke bakin hannun kuloci ya zama milimita 10 zuwa 20.

Kafin ka sake tayar da injin, a juye man nan. Gaskiya ma da ba a tayar da shi da tsohon mai ba, domin a wannan babur mai ɗaya ne yake shayar da inji da giya da kuloci, kuma kamshaf ɗinsa, wato ƙarfen da ke buɗe bawul a saman inji, a kan alminiyom yake juyawa, ba ya yafe rashin mai. Tunda an riga an yi, sai a kiyaye gaba. Ka tari man a roba mai tsabta, ka fita da shi rana ka karanta shi. In ya yi fari-fari kamar kunun gyaɗa, ruwa ya shiga. Ba sai ɗaki ya yi yoyo ba: damshin watan Agusta yana shiga ta bututun numfashin inji, ya yi raɓa a jikin ƙarfe da dare, ya gangara ƙasa, shekara bayan shekara. In yana warin fetur kuma ya tsinke, kafireta ce ta tsiyaye a ciki. Baƙin gari mai laushi fatar kuloci ce, ba abin tsoro ba ne. Ƙyalli ruwan zinare daga bushin tagulla yake. Ka jefa mayen ƙarfe a cikin robar ka zagaya da shi: in ya fito da laushin gari kamar kwalli, wannan cin yau da gobe ne, in ya fito da gutsure kamar tsakin masara, to a nan ne maganar bakanikenka ta fara samun ƙafa.

Bututun numfashin nan ma ka zare shi ka hura. Zanzaro yana son gina ɗakinsa a ciki, ya toshe shi da laka. In ya toshe, iska ta rasa mafita, sai ta riƙa turo mai ta kowace roba, kai kuma kana ta canza oyil sil, wato robar da ke tare mai, ba ka san dalili ba.

Mai lita ɗaya da rabi take ci. Da zafin Kano 20W-50 ya fi dacewa, kuma ka duba bayan galan ka ga an rubuta JASO MA, alamar an yi shi don kulocin da ke cikin mai. Man mota na zamani mai ƙara santsi yana sa kuloci zamewa. Kada kuma wani ya ce maka tunda matsalar giya ce a zuba man giyar mota mai lamba 90 ko 140. Wannan man zai bi ta famfo ya hau kan inji, kaurinsa ba zai bari ya isa da wuri ba. In za ka auna, ɗora sandar awon kawai za ka yi a bakin ramin, ba a ɗaure ta. Wankin ciki kuma da mai ake yinsa: zuba mai araha, bar inji a silo minti 10 zuwa 15, juye shi da zafinsa, zuba mai kyau, ka sake juyewa bayan kamar kilomita 200. Masu cika inji da kananzir ko man gas su tayar da shi suna wanke datti, suna kuma wanke rayuwar boris tare da shi.

Wanda nasa babur mai hayaƙi ne, irin Suzuki A100 ko Yamaha YB100, lissafinsa daban: man giyarsa a ɗakinsa yake shi kaɗai, bai kai lita ɗaya ba, kuma yawanci an zana adadin a jikin murfi kusa da inda ake zubawa. Basfa kuwa wayoyi biyu ne ke canza mata giya daga hannu, don haka a can ake fara nema.

Yanzu sakin farantan. Da sabon mai a ciki, ka bar inji ya yi zafi sosai a firi, ka kashe shi, ka ɗaure hannun kuloci da roba a matse ya kwana haka. Da safe, inji a kashe, ka sa lamba huɗu, ko mafi girman da ta yarda ta shiga, ka hau, ka matse kuloci, ka riƙa jijjiga babur gaba da baya da ƙarfi. Sau da yawa za ka ji ƙas, babur ya saki ya gangara. Akwai masu tayar da inji a kan ƙafar tsakiya su buga giya su danna birki, ko su sa a tura su a hau titi da kuloci a manne. Ban ba ka wannan shawara ba. Babur ne da ba za ka iya tsayar da shi ba sai ka kashe shi, ga lungunanmu cike da yara, kuma duk bugun a kan ƙahonnin giya yake sauka, waɗanda su ne suka fi komai wuyar samu.

In ya ƙi saki, ko ya saki amma yana jan babur kana matse da kuloci, a buɗe murfin dama. Wannan aikin awa biyu ne ko uku, ba sauke inji ba ne. Juye mai, cire kik da abin da ya tare hanya. Kusoshin murfin sun yi kama da na sukudireba mai kuros, amma yankan Japan ne, bakinsu ya ɗan bambanta; sukudireba ta kasuwa tana zamewa ta cinye kan. A yi amfani da irin wadda ake bugawa da guduma. Tsawonsu ba ɗaya ba ne, don haka ka zana siffar murfin a kwali ka soke kowace a gurbinta. Kusoshin sifirin kuloci a sassauta su kaɗan-kaɗan, wannan sannan na ƙetarensa. Ka fito da farantan a jere yadda suke, ka raba su da yatsa ko da bakin wuƙa a hankali. Na ƙarfe a goge tsatsarsu da samfefa mai laushi, a kwantar da kowanne a kan gilashi: in yana rawa, ko ratar ƙarƙashinsa ta kai milimita 0.2, ya karkace, kuma karkataccen faranti ba ya barin a sami firi. Masu fata kuwa, in sun ƙone, ko sun yi ƙyalli, ko fatar tana ɓantarewa da farce, a canza su duka, a jiƙa sababbin a mai na 'yan awanni kafin a sa. Dubi yatsun kwandon kulocin ma. Kunnuwan farantai suna sassaƙa musu tsani-tsani. In bai yi zurfi ba a share da fayil sama-sama, in an ci da yawa kuma kuloci zai riƙa ƙara.

Tunda murfin a buɗe yake, kada a rufe ba a wanke matatar mai ba. Wani ɗan kofi ne a bakin karanshaf, wato babban ƙarfen da fistin ke juyawa. Kofin yana juyawa yana wurga datti jikin bangonsa. A babur irin wannan za ka tarar da shi cike da baƙar laka mai tauri, sai an kankare.

Taurin sanda da ƙin wuce lamba biyu, a bayan kwandon kulocin nan amsarsu ta fi zama. Sandar da kake takawa a hagu tana ratsa inji ta fito dama, inda take da hannu mai ƙugiya. Ƙugiyar tana jan wasu 'yan ƙusoshi a kan wata ganga mai kwarkwaro a jiki, ganga ta juya kaɗan, kwarkwaron ya tura ƙarafa masu baki kamar gwafa, waɗanda makanikai ke kira fok, su kuma su tura giya. Akwai ɗan hannu mai taya a baki da sifirin ke dannawa a kan gangar don ta tsaya cak a kowace lamba. Duk abin nan in danƙon tsohon mai ya kama shi, ƙugiya takan ja sau ɗaya ko biyu ta kasa komawa ta kamo ƙusa ta gaba, shi ne za ka ga giya ta tsaya a biyu. Don a kai gare shi sai an cire kofin matatar mai, wanda notinsa ke son soket na musamman mai haƙora huɗu, ba kurfi da guduma ba, sannan kwandon kuloci ya fito tare da famfon mai, domin a jikinsa famfon yake samun motsi. A wanke da kananzir da buroshi, a duba babban sifirin da ke dawo da sanda tsakiya, da ƙaramin da ke riƙe ƙugiya, da na ɗan hannun nan mai taya, a tabbatar kusar da ke tsakiyar ganga ba ta kwance ba. Daga nan ka kama kan gangar ka juya ta da hannu, wani yana murza taya. In ta zagaya duk lambobin, an gama, ciki lafiya.

Kafin ma a kai can, dubi sandar daga waje. Babur da ya daɗe a zaure ya sha faɗuwa, an sha jingina masa buhu da itace. Sanda tana iya lanƙwashewa ta riƙa gogar murfi ko matakin ƙafa ko salansa, sai a ɗauka giya ce. Wani lokacin tsatsa ce ta kama shaf ɗin a inda ya fito ta murfin hagu, ga busasshen giris da ƙasa sun zama siminti a wurin. In kuma ƙananan haƙoran da ke riƙe matakin giya a kan shaf sun cinye, matakin yana zamewa, ina roƙonka kada ka kai wa mai walda ya like su. Ta dama ake zare shaf ɗin nan. Ranar da aka like mataki a hagu, sai an yanka kafin murfi ya fita, kuma zafin walda yana ƙone robar da ke wurin.

Yaushe ne sauke inji ya zama dole? In ganga ta ƙi juyawa da hannu bayan an wanke komai. In mai ya fito da gutsuren ƙarfe. In bayan an gyara kuloci giya tana shiga amma tana fitowa da kanta da zarar ka ja totur, galibi lamba biyu, kuma sifirin ɗan hannun lafiyarsa ƙalau: wannan ƙahonni ne suka zama kan ƙwai, ko fok ya lanƙwashe, kuma ciwo ne da babur ya kwanta da shi tun kafin ajiya. Sai kuma kuka. Rabin giyoyin da boris ɗinsu a saman mai suke zama, can ne raɓa ke cin su. Boris mai tsatsa yana gurnani da ke ƙaruwa da gudu, kuma ba ya warkewa da sabon mai. In gurnanin yana nan a firi amma ya ɗauke da ka matse kuloci, ta wajen shaf ɗin kuloci yake. In sai babur yana tafiya, kama ƙaramin sifoket ka girgiza shi sama da ƙasa, bai kamata shaf ɗin ya yi wasa ba. Amma ka cire sarƙa ka gwada tukuna. Sarƙar CD175 a cikin rufaffen gida take, ba a ganinta, kuma bayan shekaru irin waɗannan gaɓoɓinta sukan sandare ta riƙa fizga da ƙara kamar giya ta fashe. Wasanta ya zama kamar milimita 20. In aka ja ta tamau ita ce ke kashe boris ɗin da ke bayan sifoket.

In ta kai ga buɗewa, kana da sa'a ɗaya. Injin CD175 sama da ƙasa yake rabuwa, ba hagu da dama ba irin na CG125. Ana kifa shi a ɗage rabin ƙasa, giyoyi su bayyana a kwance, ba sai an taɓa kan inji da fistin ba. Ka tsaya a wurin da wayarka kana ɗaukar hoto kafin a zare komai. Duk abin da aka zare daga shaf a zura shi a waya a jere, fuskar da ya kalla ita zai ci gaba da kallo, domin wosha ɗaya siririya in ta sauya gurbi giya za ta ƙi zama. Fok a duba bakinsa: in ya yi shuɗi ko ya zaizaye a gefe ɗaya, ya sha guga, a canza, ba a miƙe shi da guduma. Giyar da ƙahonta ya cinye da abokiyar da yake shiga ake canza su tare. Zoben da ke kulle giya a kan shaf sabo ake sawa. Akwai rabin zobe da 'yan ƙusoshi da ke zaunar da boris a gurbinsa. In ƙusa ba ta faɗa raminta ba aka ɗaure, murfin inji ne zai tsage. Tsakanin rabin sama da na ƙasa babu fakin takarda, gam ake shafawa siriri. Wanda ya lafta silikon har yana tsatsowa, rarar tana yankewa a ciki ta toshe hanyar mai. Kuma kafin a ɗaure kusoshi duka, a juya shaf da hannu a ga giya huɗu da firi sun shiga.

Kayan gyara su ne za su ba ka wahala. Honda ta ƙera CD175 daga 1967 zuwa 1979, kuma kayan baburan China da na Indiya da suka cika gari ba nata ba ne, ko da mai shago ya rantse cewa duk ɗaya ne. Ka tafi Sabon Gari ko Kofar Ruwa da tsohon abin a hannunka, a gwada a gabanka. Oyil sil yana da lambobi uku a jikinsa, faɗin ciki da na waje da kauri, da su ake nema ba da sunan babur ba. Ka canza na sifoket da na sandar giya da na sandar kuloci da na kik gaba ɗaya, domin roba mai wannan shekaru ta bushe ko da ba ta fara yoyo ba. Boris ma yana da lamba, sai dai ka lura ko naka yana da tsagi a bayansa, don wanda ba shi da tsagin ba zai zauna ba. Giya da fok da ganga kuwa sai dai na wani tsohon inji, wurin tsofaffin makanikai ko 'yan gwangwan. In ka ci karo da mataccen injin CD175 cikakke, saye shi dungurungum ya fi tsintar ɗaya-ɗaya, kuma kada a jefar da ko wosha daga naka har sai babur ya yi wata guda yana hawa titi.